Kyamarar da ke kallon Yaya, ba ta kallon hanya

Yayana ya daina hamma da baki a buɗe. Muna cin abinci a tsakar gida na lura: hammar ta taso masa, sai ya datse haƙora, kumatunsa suka kumbura, idonsa ya ciko da hawaye, ya haɗiye ta kamar magani. Inna ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Koyo nake, Inna. Kyamara ba ta son hamma."

Yaya direban tifa ne a kamfanin da aka ba kwangilar titin unguwarmu. An fara tone titin nan ina sabuwar shiga jami'a. Yanzu na gama, har na gaji da neman aiki, shi kuwa yana nan a tone. Bana ne Allah ya buɗe wa manyanmu ido suka gano abin da ke jawo jinkirin. Ashe ba kuɗin da suka yi ɓatan dabo ba ne, direbobi ne. Saboda haka aka liƙa wa kowace tifa kyamara biyu, ɗaya na kallon hanya, ɗaya na kallon fuskar direba. In ka yi hamma, ta rubuta. In ka karkata sitiyari ba zato, sai jar alama ta kama a ofis. Wai fa don Mai Girma Babban Mai Duba Ayyuka, Allah ya ja da ransa, ya riƙa ganin komai daga kujerarsa ba tare da takalminsa ya taɓa laka ba.

Telan da ke ƙofar gidanmu ya ce shi bai ƙi ba. "Amma a liƙa wa kujerun ofis ma mana, mu ga wa ya fi hamma."

Matsalar ita ce, titin da Yaya ke bi da yashi duk ramuka ne, kuma kamfanin ne da kansa ya haƙa su. Kowane rami ya kauce wa, jar alama. Ba a daɗe ba aka kira shi ofis. Inna ta ce in raka shi, tunda ni ce mai digiri. Ta manta cewa ni ko ciniki a kasuwa ba na iya yi, sai dai in biya in sunkuyar da kai.

Jami'in da ke lura da na'urorin, direbobi na kiransa Mai Ido. Ya juyo mana da kwamfuta. Ga Yaya nan yana murɗa sitiyari hagu da dama, kansa na kaɗawa.

"Malam direba, tuƙi ne wannan ko rawa?"

"Ranka ya daɗe, rami ne."

"Ni ban ga rami ba."

Kuma gaskiya ya faɗa, fuskar Yaya kaɗai ake gani. Tun daga gida na haddace jawabi mai kyau, amma da na buɗe baki sai muryata ta fito kamar ta sauro: "Ɗaya kyamarar fa, mai kallon hanya?"

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Ƙanwarka ce? Allah sarki, 'yan boko. An kashe wannan, 'yammata. Hoton titin da ba a ƙaddamar ba sirrin hukuma ne. In ya fita, mahassada su samu abin faɗi." Sannan ya koma kan Yaya: "Gargaɗin ƙarshe ke nan. Jar alama ɗaya ta ƙara kamawa, ka ajiye makulli."

Ku ji hikima, jama'a. An sayo idanu biyu da dukiyar al'umma, aka rufe wanda zai ga aikin manya, aka bar wanda zai ga gajiyar talaka. Wanda ya tsara wannan ya cancanci lambar yabo.

Yaya kuwa matarsa na da tsohon ciki, kuma wannan tifar ce cinsu da shansu.

Ranar da Mai Girma zai zo duba aiki da kansa, aka wayi gari an lulluɓe ramin kwalbatin da ke gaban gidanmu da jar ƙasa, an share sumul don hoto. Duk unguwa ta san abin da ke ƙarƙashi, har awaki ratsewa suke yi. Ina tsaye a bakin ƙofa Yaya ya taho da lodi. Na ga ya rage gudu. Daga baya ya gaya mini cewa a lokacin ya auna: rami bai taɓa korar kowa daga aiki ba, amma jar alama za ta yi. Sai ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kafe ido a gaba, yana ta addu'a.

Tayar gaba ta wuce. Ta baya ta ce ba da ni ba. Tifa ta zauna daram a tsakiyar titi, ta toshe shi gaba ɗaya.

Ba a jima ba sai ga jiniyar tawagar Mai Girma. Da motocin suka rasa hanya, dole Mai Girma ya sauko, ya tattare babbar riga, ya tako laka da farin takalmi. Tela ya raɗa mini, "Yau dai ya ga titin ba a allo ba."

Mai Girma ya daka tsawa: "Ina direban? A kore shi yanzun nan!"

Yaya ya sauko da makulli a hannu. Mai Ido, wanda ke cikin tawagar, ya matso da sauri, ya zaro waya don ya nuna hujja. Ina kusa, na leƙa. Alamar koriya ce shar. Ga Yaya nan a natse, ido a gaba, bai karkata ko kaɗan ba, har na'urar ta rubuta cewa shi ne direban da ya fi kowa bin doka a makon. Makullin na hannun Yaya, kuma babu wanda ya miƙa hannu ya karɓa.

Mai Girma ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya dubi ramin. "To, nuna mini hoton kyamarar da ke kallon hanya."

Mai Ido ya taɓa wayar, ya sake taɓawa, ya ɗaga ta sama kamar mai neman sabis. Yana neman sabis ɗin ya ja da baya, ya zagaya bayan tifa, ya bi ta lungun tela, ya sulale.