Ranar Da Na Binne Kaina A Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ji 'yata tana yi mini kukan mutuwa, ina kwance ina jin ta da kunnena, lafiyata ƙalau in ban da gwiwa.

Ni mutuniyar Yauri ce, a bakin kogi aka haife ni. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. 'Yata ta fari ce ta kawo ni ƙasar waje, garin Greensboro (sunanta ba ya fita daga bakina, Maman Amira nake ce mata). Nas ce, ɓangaren tsofaffi take aiki. Gidansu yana can Pleasant Garden, inda ko gishiri za ka saya sai ka shiga mota. Alkawarin da muka yi da ita shi ne, in damina ta wuce zan koma ɗakina a Yauri. Amma ta kafa sharaɗi.

"Mama, in dai ƙafarki ƙalau take, ni da kaina zan kai ki filin jirgi. In kuwa ta matsa, nan za ki zauna."

To ƙafar ta matsa. Sanyin garin nan ya shige mini gwiwa ya yi gida. Sai na ɓoye. In zan hau bene sai na jira ta fita aiki, in hau da rarrafe kamar mai koyon tafiya. Sallah kuwa a ɗaki nake yi, ƙofa a rufe, don kada ta ga a zaune nake yin ta. Ga kunyar 'yar fari, ga son komawa gida, ga girman kai, wanda shi ne babba a cikinsu.

Ana cikin haka ta zo da maganar tafiya a jirgin ruwa, irin manyan nan masu kama da unguwa guda, da ke zagaya tsibirai da masu hutu. Wai ni da ita kawai, kafin in tafi. Ta zauna a kicin da kwamfuta tana yi mini bayani. Ranar da jirgi ya tsaya a tsibiri, ko dai mu bi motar masu jirgin tare da jama'a, ko mu ɗauki tasi mu nemi bakin ruwanmu da kanmu. Ta ce in ka bi tasu ka makara, jirgi zai jira ka. In ka tafi da kanka ka makara, sai dai ka hango bayansa.

Ita ta fi son ta jama'a. Ni kuwa da ta nuna mini hoton rairayi fari tas, rana na dukansa, sai zuciyata ta tafi wajen mahaifiyata. Idan sanyin ƙashi ya dame ta, bakin kogi take zuwa da tsakar rana, mu turbuɗe mata ƙafafu cikin yashi mai zafi har cinya, ta kwanta, ta tashi tana taka rawa. Na ce a raina, ga maganina Allah ya kawo.

"Ni ba zan shiga cikin masu yawo tsirara ba," na ce mata. "Ki nemo mana inda babu mutane."

Ta yarda, don ta ɗauka addini ne ya yi magana. Kwana da kwanaki tana bincike: wane bakin ruwa ne yake da inuwa, ina ne ba hawa da gangara, wane direba ne zai jira mu. Duk wannan wahala ta sha ta a kan ƙaryata.

Ranar ta zo. Da safe ta ba ni ƙwayar maganin jiri, saboda jirgin yana juya mini kai. Direba ya kai mu wani lungu mai shiru, mutane tsilla-tsilla. Muka yi shimfiɗa, na ce ina marmarin ruwan kwakwa. Mai sayarwa yana can nesa, wajen titi, kuma na san da haka.

Tana ba da baya na ja jiki zuwa cikin rana. Na tona rami da hannu, na miƙe ƙafafu, na jawo yashi na rufe su, na ci gaba har ƙirji. Daɗin da na ji, Allah kaɗai ya sani. Na kwanta, na ja farin mayafina na rufe fuska saboda hasken rana. (Fari fa. A cikin mayafaina duka, fari na ɗauko.) Maganin jiri ya yi aikinsa, barci ya ɗauke ni.

Muryoyi ne suka tashe ni. Turanci ta ko'ina, maza da mata, a kaina. Wani ya taɓa mini kafaɗa. Na so in zabura, gwiwa ta ƙi, yashi ya danne ni. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake sunkuyar da kai. Kunya ta ce mini, ki yi lamo, in sun gaji za su watse. Na riƙe numfashi, na saki jiki.

Ba su watse ba, ƙaruwa suka yi.

Sai na ji wani abu ya faɗi a ƙasa, na ji gudu, na ji muryar da na sani tun ranar da ta fara kuka a duniya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mama! Mama!"

Matar da take riƙe hannun masu cikawa a asibiti ba ta ko iya ɗaga mayafin ba. Ta durƙusa, ta kifa kanta a kan yashin da ke ƙirjina.

"Ni na kawo ki. Gida kika ce kina so, na kawo ki nan. Ki yafe mini, Mama."

Na yi shekaru ina ba da labari a gidajen biki da suna, ba a taɓa ƙure ni ba. Sai ran nan. Da ƙyar na ce, daga ƙarƙashin mayafi, "Ke, rufa mini asiri. Da raina."

Ta yaye mayafin. Muka kalli juna. Wata baturiya ta yi ihu, wasu suka sa dariya, har da masu tafi. Ita ba ta yi dariya ba. Da hannunta ta tone ni, ta ce in tashi, na kasa. Direbanmu da wani ƙato suka ɗauke ni cak zuwa mota, zanina yana zubar da yashi. A bakin jirgi aka kawo keken marasa lafiya, aka tura ni a gaban duniya. Mun samu jirgin, amma mu ne kusan na ƙarshe.

A ɗaki ta durƙusa ta danna gwiwar, na yi ƙara.

"Tun yaushe?"

"Tun sanyin bara."

"Kullum ina duba gwiwar iyayen wasu, tawa uwar tana rarrafe a gidana."

Ashe Amira ta taɓa gaya mata ta ga ina rarrafe a bene, ta ce wa yarinyar ƙarya take, Kaka ba za ta ɓoye mata ba. Wannan ya fi mini ciwo fiye da ɗaukar da ƙartai suka yi mini.

Damina ta wuce ban je Yauri ba. An yi mini aiki a gwiwar hagu, ta dama tana jiran layi, ɗakina yana can a kulle. Yanzu ko kaina ne ya sara sai na faɗa mata, har takan ce, "Mama, wannan kam yunwa ce." Binnewa kuwa na bar wa masu ita. Ranar da ta zo, ba sai na taya su ba.