Mai Amshi a Ɗakin Citta

"...ya gajiya kuma, maigida? Gajiyar zama nake nufi. Tun safe kana gaban gilashin kwamfutar nan kamar mai jiran mota a tasha."

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Ya gwiwa? Tun kina tsakar gida nake jin ƙararta, na zaci ƙyaure ne ke neman mai."

Haka suka fara, ni kuwa na ci gaba da wankina. Duk wanda ya shiga tsakanin kaka da jika shi ke kwasar kunya, balle ni suruka. Mai gwiwar ita ce Kaka Hulda, uwar mijina, wadda muka ɗauko daga Nok ta zauna da mu a nan Kafanchan. Maigidan nata kuma ɗana ne, Kumai, malamin firamare, mai buga kibod a coci ranar Lahadi.

Abin da ya haɗa su ran nan ba na wasa ba ne. 'Yata Roseline za ta yi aure ranar Asabar a Fatakwal, motarmu kuma kwana ɗaya ya rage ta tashi. Likita ya ce Kaka ba za ta iya wannan doguwar hanya ba. A gidan su Kaka akwai wata waƙa ta yaren gida da ake yi wa kowace 'ya ranar da za ta tafi ɗakin miji, ba a taɓa fitar da amarya babu ita ba. Roseline ta bugo waya tana kuka, ta ce ita kaɗai ce za ta tafi kamar marainiya. Kumai ya bugi ƙirji ya ce ta share hawaye, shi zai kai mata muryar Kaka har cikin zauren biki. Na san ɗana da cika baki, don haka na ajiye wanki na zo na tsaya a bakin ƙofa.

Kaka ta nuna tebur da sandarta. "Da wannan tarkace za ka kai ni Fatakwal? An ce ba a fafe gora ranar tafiya, kai yau ma ka fara neman wuƙa."

"Tun watan jiya nake koyo."

"A wurin wa?"

"A waya. Akwai wani Bature mai gemu da ke koyarwa."

"Shi Baturen ya taɓa aurar da 'ya a Nok?"

"Ke kin taɓa kunna kwamfuta?"

"Na taɓa kunna ubanka da bulala, kuma ƙarar da ya yi ta fi ta wannan."

Kumai ya ja mata kujera ta zauna. "Saurara, tsohuwa, yau ke ce 'yar aji ɗaya. Wannan makirfo ne, shi ke jin murya. Wannan ɗan jan akwatin shi ake kira sawunkad, shi ke karɓar muryar ya miƙa wa kwamfuta. A cikin kwamfuta kuma akwai layi-layi, kamar kunyoyin gona. Kiɗa a kunya ɗaya, waƙa a wata, amshi a wata. In guda ta lalace, ita kaɗai za a sake shukawa, ba sai an tayar da gonar duka ba."

"Ji mai gona! Kai da na ba ka fartanya ka nome mini citta ka bar ciyawa."

"Ciyawar ta fi cittarki kyau ne."

Ya ɗora mata abin ji a kunne, irin mai rufe kunnuwa biyu, ya danna wani wuri. Nan take Kaka ta zabura.

"Kumai! Akwai tsaka a cikin abin nan!"

"Ba tsaka ba ce, ma'aunin kiɗa ne. Ƙas, ƙas, ƙas. Shi za ki riƙa bi don kada ki yi sauri ko ki yi nawa."

"Ni zan bi tsaka? Ni da matan zumunta na Nok gaba ɗaya suka bi bayana tun uwarka tana tallan gyaɗa?"

Ban taɓa tallan gyaɗa ba a rayuwata, amma na haɗiye.

"In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take, amarya."

"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kashe shi, ko in kashe shi da sanda."

Ya kashe. Sai maganar kiɗa ta taso, domin waƙar da tulu ake raka ta, tulun Kaka kuma ya tsage tun wajen kwaso kaya daga ƙauye. Kumai ya turo mata ƙaramin kibod gabanta, ya ce ta buga kiɗan tulun da yatsa biyu a kan maɓallai biyu, yadda hannunta ya saba. Ta buga tana harararsa. Da ya kunna, sai ga ƙarar piyano, tin-tin, tin-tin-tin.

"Wannan ai kiɗan karɓar baiko a coci ne. Ina tulu?"

"Haƙuri dai. Wannan hanyar sunanta midi. Ba ƙara take ajiyewa ba. Abin da take riƙewa shi ne wane maɓalli kika taɓa, yaushe kika taɓa, da wane ƙarfi. Daga baya ni zan sa masa rigar da na ga dama." Ya zaɓi wani abu, ya sake kunnawa. Bugun nan dai nata ne, amma yanzu da muryar ganga mai zurfi yake fita, kusa da ta tulu.

Kaka ta karkata kai ta saurara. "Wato ɗan tsegumi ne. Shi bai iya waƙa ba, sai kai rahoto. Hulda ta taɓa nan, Hulda ta danna can."

"Irin ƙawayenki na bayan sujadar Lahadi ke nan."

"Ƙawayena ko ba komai suna da miji. Kai fa, wace 'yar mutane ce ta taɓa amsa gaisuwarka?"

"Ke ce kika tsare ƙofa. Duk wadda ta leƙo ta gan ki sai ta ce gidan akwai dodo."

Yana magana hannunsa na aiki. Akwai wani maɓalli da Baturensa ya koya masa, mai jera kowane bugu daidai wa daida, ya danna shi a ɓoye don ya burge ta. Kiɗan bai yi nisa ba Kaka ta ɗaga sanda.

"Wa ya taɓa mini kiɗa? Wannan faretin 'yan makarantarka ne."

"Gyara miki na yi. Kina ɗingishi a bugu na uku."

"Ɗingishin nan, a nan ne amarya ke juyowa ta kalli gidan ubanta. Mayar mini da abina."

Ya danna wani wuri, ɗingishin ya dawo yadda yake. A nan ne na ga Kaka ta saki baki da gaske.

"Har ana iya mayar da abin da aka ɓata? Kai, Turawa sun makara. Da akwai wannan maɓalli a zamaninmu, da na mayar da kakanka gidansu tun satin farko."

Muka yi dariya har da ni. Aka zo kan murya. Da ta buɗe baki na farko, wata 'yar fitila a jikin akwatin ta yi ja wur, Kumai ya toshe kunne.

"Abeg, don Allah ja baya kaɗan! Makirfo ne, ba kurma ba ne. Ba daga nan za ki kira Fatakwal ba."

Ta ja baya tana gunaguni. Ya danna jan maɓalli, kiɗa ya fara, Kaka ta ba da baitin farko. Muryar nan ba ta tsufa ba ko kaɗan. Sai ta yi shiru. Kiɗa na ta tafiya, ita kuwa ta zuba wa bango ido tana jira. Kumai ya yi mata alama da hannu ta ci gaba, ba ta motsa ba.

"Me ya faru kuma?"

"Ba a amsa ba."

"Ai na gaya miki, amshi yana layi na gaba. Ki gama naki tukuna, sannan ki dawo ki amsa wa kanki."

"Mahaukaciya ce ni da zan yi sallama a kango in wuce ciki? Mai ba da waƙa ba ya ci gaba sai an amsa masa."

"Ki ƙirga huɗu a zuci, ki wuce."

Ta gwada. Ta sake gwadawa. Duk sanda ta kai ƙarshen baitin farko sai muryar ta tsaya cak, kamar akuyar da ta zo bakin rafi. A ƙarshe ta cire abin kunnen ta ajiye a cinya. Ƙannenta biyu, Tamar da Miriyam, su ne masu yi mata amshi tun suna 'yan mata. Miriyam ta daɗe da rasuwa, Tamar kuma bara muka binne ta. Tun daga lokacin ba a yi aure a gidan ba, don haka babu wanda ya lura waƙar ta rasa masu amsawa, har ita Kakar.

"Ka gaya wa Roseline ta yi haƙuri," in ji ta, tana laluben sandarta. "Bakina ya ƙi."

Tausayinta ya kama ni, na 'yata kuma ya fi. Ni ba zan iya taimako ba, domin uwar amarya ba ta sa baki a wannan waƙa, kuma ni 'yar Zonkwa ce, yarensu sai gaisuwa. Kumai ya yi ta sosa ƙeya. Can ya ce, "Ni zan amsa."

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai? Waƙar mata ce. Kuma da wace murya? Wannan da in ka ɗaga a coci Fasto ke saurin cewa mu yi addu'a?"

"Da babu gara ba daɗi. Ba wanda zai ji ni sai ke. Akwatin nan baki biyu gare shi. Zan sa makirfo na biyu, in ja waya in tafi nesa, muryata ta shiga layinta daban, ta zo miki a kunne kawai. In kin gama sai in goge ta, kamar ba a yi ba."

"Ka rantse za ka goge?"

"Ni ma ina da mutunci a garin nan."

Ya ɗauko makirfon da ya aro a coci, ya ja doguwar waya ta taga har ɗakin da muke ajiye buhunan busasshiyar citta, don nan ne kaɗai muryarsa ba za ta dawo cikin makirfon Kaka ba. Ta koya masa kalmomin amshin, ta ce yana furta su kamar mai tauna ɗanyen rogo. Ni aka ba aikin danna jan maɓalli. Na danna da bismillar da na iya, wato na ce Yesu ka taimaka.

Kaka ta ba da baiti. Daga ɗakin citta, ta taga, na jiyo ƙaton ɗana ya matse murya yana amshin mata. Kafaɗun Kaka suka fara rawa don dariya, amma bakinta ya buɗe, baiti na biyu ya fito, na uku ya biyo. Wajen tsakiya ƙurar citta ta shiga hancin mai amshi, ya saki atishawa wadda ta kori kajin maƙwabta, ya ci gaba da amsawa yana shaƙewa. Kaka ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Ya dawo idanu jawur, ya buɗe sabon layi. Yanzu muryarta ce ke kiranta a kunne, amsawa kuwa ba ta yi mata wuya ba.

"Wace ce wannan tsohuwa?" in ji ta. "Ta iya waƙa, Allah ya sani."

"Wata ce mai baƙin jini, ba ki san ta ba."

Ta yi amshi sau ɗaya da siririyar murya, yadda Tamar ke yi. Ya buɗe wani layin, ta yi da kauri, yadda Miriyam ke yi. Sannan ya cire mata abin kunne ya kunna duka a sifika. Ɗakin ya cika da mata uku da tulu, a ƙarƙashinsu kuma ga wani kwaɗo yana fama.

"To, alkawari kaya ne," in ji Kumai, ya kai hannu zai goge layinsa. Sanda ta sauka a bayan hannun, ƙwas.

"Bar shi."

"Ke kika ce waƙar mata ce."

"Rage masa ƙarfi dai, kada ya kori dangin ango. Amma bar shi. Waɗannan biyun duk ni ce, ina ruɗin kaina. Kai kaɗai ka amsa mini da gaske. Gara yarinyar nan ta ji cewa gidan da ta bari, in an kira, akwai mai amsawa."

Kumai ya juya wa gilashi fuska, ya ce cittar ce har yanzu take damun idonsa. Ni ban yi ƙarya ba, na goge nawa da bakin zane.

"Har da atishawar?" ya tambaya.

"Har da atishawar. Ka ci, maigida, yau na sallama." Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe tana dariya. "Ranar Asabar ka tsaya kusa da sifika. In ka ga ta fara kuka, ka ƙara wa kwaɗon ƙarfi, ta yi dariya ta shiga ɗakinta."