Carki a Kan Rimi

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda kowa ke tsufa a kan sana'ar da ya tarar a gidansu, matasa suka kai kuka majalisar dabbobi cewa gado ya danne baiwa. Aka yi ta ka-ce-na-ce, daga bisani aka naɗa Gauraka mai ba da shawarar sana'a, saboda tsayinsa da tukkunsa, da yadda yake jan magana a hankali. Aka kuma yi shela kowa ya je ya gan shi.

A yi masa adalci, Gauraka ba mugu ba ne. Yakan tsayar da mai neman shawara a bakin tafki, ya duba baki da fiffike da ƙafa, ya tambaye shi abin da ya iya da abin da yake burin zama. Sai dai bai taɓa tambayar kowa wa ya baro a gida ba.

Cikin waɗanda suka je har da Carki, ɗan tsuntsun nan mai jan baki da ke cin kaska a jikin manyan dabbobi. Shi a bayan wata tsohuwar Ɓauna yake zaune. Idonta ya mutu, kunnenta ya yi nauyi, garke ya yi gaba ya bar ta, kuma babu wanda ya san haka sai shi. Suna da dabararsu: in ya hango mugun abu, sai ya tsattsagi kunnen da ke ɓangaren da za ta bi, ita kuwa ta zabura can ba tambaya.

Gauraka ya sa shi ya yi kuka, ya sa shi ya faɗi abin da ke motsi a ƙetaren tafki, sannan ya girgiza tukku. "Samari, kana da ido irin wannan da murya irin wannan, ka ƙare a tsintar kaska? Majalisa na neman mai tsaro a kan rimi. Don kai aka yi wurin nan."

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma akwai Gwaggo Ɓauna..." Carki ya waiga, ya ga Dila a bayansa cikin masu jira, ya baza kunne. Faɗin makantar Gwaggo a nan daidai yake da aika wa kuraye goron gayyata. Ya haɗiye sauran maganar.

"Na san wannan 'amma' ɗin," in ji Gauraka cikin tausasawa. "Kowa da ita yake zuwa mini. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tsoro nake gani a taka. Sabo turken wawa ne, samari. Tumɓuke shi."

Carki ya koma wurin Ɓauna. Gaskiya ita ce yana son rimin, kuma wannan son ya fi komai ba shi kunya. Ya kusanci kunnenta ya faɗa mata shawarar Gauraka. Ta daɗe tana tuƙa kafin ta ce, "Tafi, ɗan nan. Ni na ci zamanina. Kaska ba ta kashe ɓauna." Su biyun sun san ba kaska ce maganar ba.

Ya hau rimi, ya kuma iya aikin. Barewa da gada suka riƙa kiwo hankali kwance.

Ran nan da la'asar ya hango kuraye sun ɓullo ta cikin ciyawa, sun nufi fadamar da Gwaggo ke kiwo ita kaɗai. Ya ƙwala kukan da bai taɓa yin irinsa ba. Daji ya ɗauka, kowa ya ranta a na kare. Ɓauna ta ji ƙasa na rawa, ta ɗaga kai, ta tsaya cak tana karkaɗa kunnuwa, tana jiran a gaya mata dama ko hagu. Carki ya saki reshe ya yi ta dukan iska, amma rimin da nisa. Ko da ya isa, babu sauran kunnen da zai tsattsaga. Baƙin cikin da ya shige shi a ranar bai sake fita ba.

Da majalisa ta zauna, Gauraka ya miƙe ya ce, "Jama'a, gani ya kori ji. Wannan yaro da tsoro ya so ya binne shi a bayan dabba guda, jiya muryarsa ta tserar da daji guda. Asarar da aka yi tsohuwa ɗaya ce, wadda da ma kwananta ya ƙare. Allah Ya ji ƙanta." Aka amsa da amin, aka ƙara wa Carki reshe na sama.

Har yau a dajin nan, in ana lissafin waɗanda shawara ta yi wa rana, da Carki ake farawa, kuma kowa ya yarda abin a fili yake, ba sai an tambaye shi ba.