Jatau da Kanal ɗin Fadima

"...Lahiya lau. Ina gajiyar zaman banza?"

"Babu gajiya, angona," in ji Fadima, tana tsokanar kakanta. "Ina kasuwa? Ka samu mai sayenka, ko yau ma sun ce ka yi tsauri?"

"Sun taya. Na ce ina da mata gida, mummuna ce amma ba ni iya barinta."

Malam Jatau ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya shigo da kwamfuta naɗe cikin buhun taki a hammatarsa. Ranar Talata ce bayan la'asar, kasuwar Mafara ta fara watsewa. An daɗe babu wuta a unguwar, don haka shi yake kai na'urar wurin mai caji idan zai fita, ya karɓo wa jikarsa Fadima idan zai dawo.

Tsohon mahauci ne, an tashe shi sau biyu a rayuwarsa. Gonarsa ta gado tana ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori tun yana saurayi. Ya koma Gidan Goga ya kafa gida, da tsufansa kuma 'yan bindiga suka kore su. Yanzu haya suke yi a bakin magudanar ruwan noman rani. Da kakar bara Sallau, yayan Fadima, ya tafi ƙauyen ya gani ko za a iya yanke gero. Aka tare motarsu a hanyar Maradun. Gawarsa aka kawo.

Kwamfutar ta Sallau ce. Ajinsu ɗaya da Fadima a sashen kwamfuta na kwaleji, saboda gudun hijira ya ci masa shekaru, kuma aikin kammala karatu ɗaya suka ɗauka: ɗan ƙaramin tsarin sarrafa kwamfuta da suke rubutawa tun daga tushe. Tun rasuwarsa aikin bai motsa ba, ga shi ranar gabatarwa ta matso.

Fadima ta zare na'urar daga buhun ta shinshina.

"Tana warin kitse. Cikin mahauta ka biya da ita?"

"Na kai ta ta ga dangi. Ita ma ta rame awa ke."

"Ni ramar zama da tsoho ce. Kowa na da miji mai haƙora, ni nawa sai an dama mishi tuwo."

"Haƙoran nan shanu sun san su. Ke bari wannan. Uwarki ta ce kullum kina zaune kina kiran wani Kanal. Wane soja ne wanga, da aurena bisa kanki?"

"Ba soja ba ne."

"To mi ne? Ɗan sanda?"

"Kanal sunan cibiyar tsarin kwamfuta ne. Shi ka riƙe da komai: allo, ma'ajiya, madannai. Ƙananan manhajoji ba su da izinin taɓa ko ɗaya da kansu. In manhaja na son ta rubuta ko kalma guda bisa allo, sai ta kira shi ta roƙa, shi ya yi mata."

"Yau na ji ikon Allah. Soja cikin faranti! Yana da gida? Yana da sana'a? Ki ce mishi ya hito mu gwada ƙwanji."

"Iska ma ka da kai take, bare Kanal."

"Da wane yare kike kiran nashi?"

"Asambili."

"Wadda 'yan firamare ka jeruwa da sahe? Shekara da shekaru ana tura ki makaranta, ashe har yau kina asambili, ba ki shiga aji ba."

Ta ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. Ta kunna na'urar. Tsohon ya zauna a kan tabarma, gwiwoyinsa suna ƙara, ya matso yana leƙen allon. Baƙi ne wuluk, da fararen layuka gajeru.

"Yare ne na can ƙasa, wanda injin ka ji kai tsaye," in ji ta. "Ba ya yi maka gyara. Abin da ka rubuta shi za ya yi, ko da wauta ce."

"To kira shi in gani."

Ta danna. Rubutu ya gilma, allon ya ɗauke ɗif, na'urar ta sake tashi daga farko. Ta ƙara dannawa. Haka dai.

"Af! Saurayin naki suma yake in ya ji muryarki? Ban ga laihinshi ba."

"Yana jin kiran. Yana yin aikin ma. Komowa ce ba ta yiwuwa." Ta nuna allon da ɗan yatsa. "In manhaja ta yi kira, injin yana rubuta inda ta tsaya cikin wata 'yar ma'ajiya, sunanta RCX, don in an gama a san inda za a maida ta. Aikinmu shi ne mu kwashe abin da ke cikin ma'ajiyoyin nan mu adana tun a bakin shiga, mu maido su a bakin hita. An adana duka, ban da RCX. Kanal na cikin aiki sai ya rubuta wani abu bisa kanta. In ya zo maida manhaja, sai ya jefa ta inda babu komai. Shi ke nan, na'ura ta mutu."

Jatau ya sosa ƙeya.

"Ban gane ko rabi ba. Amma na ji kin san ciwon."

"Na sani."

"Maganin na da wuya?"

"Layi biyu ne. Ɗaya a shiga, ɗaya a hita."

"Tun yaushe kinka sani?"

Ta shiga goge allon da gefen mayafi.

"Amarya, da ke nike."

"Tun kahin azumi."

"To ragwanci ne, ko yatsun sun shanye?"

"Wurin nan Yaya ya rubuta shi." Muryarta ta yi ƙasa. "Shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa, ranar da za ya tahi. Ya ce in ya komo mu gwada tare. In na sa hannu ciki, ba nashi ba ne kuma. Malaminmu ya ce in aikin bai tashi ba sai na maimaita shekara. Na ce in maimaita."

A waje wani yana kora shanu a gefen magudanar ruwa. Tsohon ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Tun da aka binne Sallau babu wanda ya sake kiran sunansa a gidan. Marigayi ake cewa, a yi addu'a, a sauya magana.

"Sallau," in ji Jatau da ƙarfi. "Wanga ɓarawo."

Fadima ta ɗago a firgice. "Kaka!"

"Mi? Ƙarya na yi? Yaron da ya tashi yana neman ƙwace mini Turai, tsohuwar da na aura tun ba a haihi uwarshi ba? Ya shigo ɗakina ya ce in hita, maigida ya zo? Yanzu don ya riga ni tahiya sai in ce waliyyi ne?"

"Ka ji tsoron Allah, ba ya nan ya rama."

"Ke kina nan. Rama mishi in kin isa. Ni na san mantuwar Sallau tun yana tsirara. Na aike shi Janbako ya kai akuya kasuwa, ya komo da igiya yana waƙa."

"Ƙarya kake! Akuyar ce ta tsinke."

"Ya tahi sallar idi da takalmi ƙahwa guda."

"Kai ka ɓoye ɗayan!"

"Ya manta akuya, ya manta takalmi, yau kin ce ya manta... mi kinka kira ta?"

"RCX."

"Ita. To wannan mantuwar ai ita ce sa hannunshi. Da ya rubuta abin nan daidai, da na ce satowa ya yi."

Dariya ta kubce mata, hawaye suka biyo ta. Ta sa gefen mayafi tana sharewa, wasu suna zubowa.

"Wallahi Yaya ya hi ka ƙwaƙwalwa sau dubu."

"Ga ƙwaƙwalwar nan muna gani, tana suma. Shi da ya komo ya gani, barinta za ya yi haka?"

"Gyarawa za ya yi. Ya ce ni na ɓata."

"To gyara, ki ce shi ya ɓata. Ni ne shaida." Ya sassauta murya. "Ɗiyata, gonata na nan ƙarƙashin ruwa yadda na bar ta, ba wanda ya taɓa ko kunya guda. Ban ci ƙwayar hatsi daga gare ta ba tun ran nan. Kada ki yi wa aikin yaron nan haka."

Fadima ta ɗora hannu a kan madannai. Sannan ta ce bismillah. Ta buɗe wuri a tsakiyar layukan Sallau, ta rubuta umarnin adana RCX. Ta gangara ƙasa, daf da umarnin komawa, ta rubuta na maido ta. Ba ta goge ko harafi ɗaya nasa ba. Ta haɗa aikin, amma ba ta danna ba.

"Kuma mi?"

"Manhajar gwajin ma shi ya rubuta. Kira biyu take yi: na farko ta buɗe allo, in ta komo lahiya sai ta rubuta magana. Na san abin da za ta rubuta. Ba za ka so ba."

"Danna, mummuna."

Ta danna. Allon bai ɗauke ba. Layi ɗaya ya fito a sama, ya tsaya.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Kaka. Ya je ya komo."

"To karanta mini. Idona ba ya ganin ƙwarin nan."

Ta karanta da irin muryar da yayanta yake yi idan zai tsokane shi: "Jatau, bunsurun maƙwabta ya hi ka gemu, ya hi ka ƙamshi."

Tsohon ya kai hannu ya shafa 'yan gashin haɓarsa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce ta fito, mai haɗe da tari, har ya dafa bango, idanunsa suka cika.

"Ɗan banza! Ya shiga cikin Kanal ya ɓuya yana jirana."

"Faɗi amsarka in rubuta. Yanzu kira na tahiya, ko mi ka ce za ya hito."

Jatau ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa barin jika ya yi maganar ƙarshe ba, ya duba layin nan da ba ya iya karantawa, ya rufe bakin.

"A'a. Bar shi yadda yake. Wanga karon ya ka da ni."

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro farin goro guda, ya ɓare shi biyu. Ya miƙa mata ɓari ɗaya.

"Wannan naki ne, ladan gyara." Ya juya ɗayan a tafinsa, sannan ya ɗora mata shi ma. "Wannan na wanda ya ci wasa ne. Ki cinye mishi, Allah ya jiƙan ɓarawo."

"Amin," in ji Fadima, ta kai goron baki.