Zanen Marina

"...lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki, amarya?"

"Tana nan inda ka bar ta. Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai kawo tukunyar gas."

Muath ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin kakarsa, Hajiya Mastura, a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Sharafiyya ta Jidda. Kwana tara ya yi a Italiya, kamfanin tayil ɗin da yake wa aiki a Khumra ne ya tura shi duba kaya. Ana gobe zai tafi ta damƙa masa wani tsohon kati mai hoto, wanda marigayi kakansa Abdulghaffar ya aiko mata lokacin yana kuku a jirgin ruwa. Gidaje ne masu launi a jikin dutse, teku a ƙarƙashinsu, an rubuta "Marina" a ƙasa, sauran rubutun ya goge. Ta ce masa ya je marinar nan ya sayo mata zanen rini irin wanda kakansa ya taɓa kawo mata daga can. Ya je, bai samo ba. Zanen da ke cikin ledar hannunsa jiya ya saye shi a kasuwar Bab Sharif, kuma tun daga ƙasan bene yake addu'a kada ta gane, don bai san yadda zai gaya mata maganar mijinta ba ta tabbata ba.

"Mu'azu, juya in gani," in ji ta. Ita kaɗai ke kiransa haka. "Kai! Miji ya je Turai ya dawo a bushe kamar kilishi. Ba su ba ka abinci ba ne?"

"Tunaninki ne ya ramar da ni. Na ce yanzu haka tsofaffin unguwa sun fara yi mini layi a ƙofar gida."

"Sun zo mana. Uku na kora, na huɗun na ce ya jira in ga abin da ka kawo. In tsarabar ba ta yi mini ba, halas, ka rubuto mini takardata."

"Wa zai kwashe ki? Haƙora huɗu, biyu ma na asibiti ne."

"Da su na ci kazar sunan ubanka, ja'iri. Yalla, miƙo."

Ya miƙa mata ledar yana kallon labule. Ta zaro zanen, shuɗi ne mai duhu, ta ɗora a cinya ba ta warware ba. Ta shafa gefensa da babban yatsa, ta kai hanci ta shinshina.

"Ikon Allah. Ashe Turawan Italiya ma turaren wuta suke yi wa kayansu?"

"Suna yi mana. Sun waye."

"Kuma su ninka zane gida uku, su soke bakin a ciki?"

"Al'adarsu ce, ya sitti," in ji shi, yadda 'yan Jidda ke kiran kaka.

"To ka gaishe mini da Baturen. Sunansa Saleh, ko? Shago na biyu in ka wuce masu dabino, mai ciwon wuya?"

Muath ya zauna a kan kafet. "Ya aka yi kika..."

"Ubansa ma haka yake ninki. A wurin uban nasa ne kakanka ya sayi nawa. Jini dai ba ya ɓata hanya, har shagon kuka gada."

"Kakana? Ba daga Marina ya kawo ba?"

"Daga wace Marina? Ya sauka daga jirgi, ya biya Bab Sharif, ya shigo mini yana huci wai ga zane daga marinar Turawa, rijiyoyinsu sun fi na Kano zurfi. Ni kuwa jikar marina ce, kakana da shuni a farce aka binne shi. Na yi wata biyu ina yi wa maƙwabta burga, sai da matar mai shagon ta gan shi a jikina a wajen biki ta ce, a'a, ashe ke aka saya wa. Marina a bakinsu ai bakin ruwa ne, inda ake ɗaure jirage. Kai da aka haifa a Jidda, ba ka taɓa ganin an rubuta a bakin tekun Obhur ba?"

"Na gani. Amma ke kika ce akwai rini."

"Wasa nake yi maka, miji! Na ɗauka za ka yi dariya."

"Ba ki yi dariya ba da kika faɗa."

"In na yi dariya ai ya tashi daga wasa."

"Ni ban taɓa jin kin yi ƙarya ba sai a shekarunki."

Ta ɗaga carbi za ta make shi, sai ta fasa. Ta zuba masa shayi a ƙaramin kofi ta tura gabansa. "To bar zancen zane. Ka dai je garin?"

"Na je wani. Direba ya ce Marina a ƙasarsu sun fi ɗari, wacce nake so? Na nuna masa katin, ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce akwai wata kusa da tashar da jiragen Jidda ke tsayawa, in gwada ta. Rana ɗaya tak manaja ya ba ni."

"Madalla. Ba ni labari. Ka hau matakalar nan da ta kai hasumiya? Ɗari biyu da saba'in, daga sama ana hango garuruwa uku."

"Ban hau ba."

"Ragon miji. Ka shiga kwalekwalen da ke kai mutane kogon dutse, inda ruwa ke zama kore?"

"Na ga suna shiga."

"Ka ga suna shiga. To ƙananan kifin nan da ake soyawa a zuba a takarda, a matsa lemun tsami?"

"Na ji ƙamshinsu."

"Ƙanƙarar lemun fa? Wadda ake sha a cikin ɓawonsa?"

Ya girgiza kai.

"To uban me ka yi tun safe har yamma?"

"Neman rijiyar rini."

Ta ajiye butar shayin a hankali.

"Na rubuta a waya ta fassara wa mutanen garin," in ji shi. "Na farko ya kai ni shagon da mata ke rina gashi. Matar ta dubi kaina ta ce wane launi nake so. Na fito da gudu. Na biyu ya nuna mini gidan wanki da guga. Wani tsoho mai ɗinkin koma ya ja ni har bayan gari, wurin mai fentin jirage, shi kuma ya buɗe mini gwangwani shida na shuɗi ya ce in zaɓa. Na ce na zane nake nema, na kakata. Ya kira matarsa, matarsa ta kira ƙanwarta, suka taru a kaina suna magana da hannuwa. Ƙarshe suka ba ni tsumman goge tebur mai hoton lemo."

Hajiya ta fara dariya har tana riƙe ƙirji, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta goge ido da bakin mayafi, ta daɗe ba ta sauke shi ba.

"Na cuce ka, Mu'azu."

"Haba, amarya."

"Na cuce ka, na cuci kaina. Ni ba zane nake so ba, ga su nan cike da akwati, wa zan ɗaura wa? So nake wani ya je ya gano mini da idonsa, ya dawo ya faɗa mini. Kunya ta hana ni cewa haka, sai na fake da wasa."

Muath ya gyara zama. Ya san in ta fara irin wannan, jira ake yi.

"Shekarar da aka yaye babanka, kyaftin ɗinsu ya yarda kowa ya ɗauki matarsa tafiya ɗaya. Kakanka ya zo yana rawar jiki, har jaka ya sayo mini. Na ce me zan gani a ruwa wanda ban gani a Kurnish, bakin tekunmu na nan, ba? Na ce sai baɗi. Baɗin aka sayar da jirgin, ya koma dafa wa alhazai. Daga nan kullum in ya ɗauko zancen garin sai in ce ka ishe ni da Marinarka, in tashi in shiga kicin."

"Amma kin san matakala ɗari biyu da saba'in."

"Kicin ɗin ai ba ƙofa gare shi ba."

Ya juya kofin a hannunsa. Ya so a ce yana da hasumiya da kogo da zai zuba mata, amma babu, kuma ya yi ƙarya ɗaya yau ta ishe shi.

"Abin da na gani kaɗan ne," ya ce. "Lungunansu matsattsu ne kamar na Balad, tsohon garinmu, sun ɗaura igiya daga taga zuwa taga sun shanya kaya, kana tafiya ruwan wanki na ɗigo maka. Gidajen kuwa kamar a katin, ja da rawaya da ruwan hoda, wani a kan wani. Kyanwoyi sun fi na unguwar nan ƙiba. Da azahar ta yi na gaji, ƙafata ta kumbura, na samu wani famfo a jikin bango kusa da inda suke ɗaure jirage. Ruwan ta bakin kifin dutse yake fitowa, sanyi kamar daga firji. Na yi alwala a nan, na shimfiɗa jaket ɗina a bayan wani kwalekwale na yi salla."

Hajiya ta daina jan carbi.

"Kifin," ta ce. "Leɓensa na ƙasa a guntule yake?"

"A guntule yake. Ruwan ma a karkace yake zuba, sai da ya jiƙa mini wando."

"Ta hagu."

"Ta hagu. Ya sitti, ya aka yi..."

"Kakanka ma kullum sai ya jiƙa masa. Ya ce in na je in tsaya ta dama."

Ƙarar motocin titi ta shigo ta taga. Can ƙasa mai gasa burodin tamis yana bubbuga faranti. Muath ya zaro katin daga aljihu ya duba, ya ga wani ɗan ɗigo a jikin bango kusa da jirage, wanda da bai kula da shi ba. Ya miƙa mata. Ta ture hannunsa.

"Riƙe. Naka ne."

"Na kakana ne, ke ya aiko wa."

"Ni na haddace shi. Kai ne za ka koma, tunda ka bar aiki a can. Ka hau matakalar ka ƙirga mini, don ina zargin ya ƙara hamsin a kai."

"In na koma da ke zan tafi."

"Da wace ƙafar?"

"In goya ki. Nauyinki nawa, kwalin tayil ɗaya ya fi ki."

"Ka goya ni ka kai ni shagon rina gashi, ko?"

"Ai ke ce mai buƙata."

Wannan karon carbin ya same shi a kafaɗa. Ta dafa bango ta miƙe, ta warware zanen Saleh, ta ɗaura shi a kan doguwar rigarta, ta juya hagu ta juya dama tana dariya, hawayen bai gama bushewa ba.

"Ka ci, miji. Jeka ka gaya wa na huɗun ya tafi gida. Maza biyu sun je Marina saboda ni, dukansu sun dawo mini da kayan Bab Sharif da jiƙaƙƙen wando. Ina zan sami na uku irinku?"