Sallau da Rufin Ajin Turanci

A ƙauyen Tudun Makeri an yi wani mutum mai suna Sallau, wanda duk abin da aka gaya masa yake ɗauka yadda ya fito daga baki, ba ragi ba ƙari. Daga shi sai uwarsa Goggo Talle, sai jaki guda. Da aka buɗe ajin manya na koyon Turanci, shi ya fara zama. Yana son ajin nan har ransa, don nan kaɗai ake kiransa ɗalibi maimakon wawa. Sai dai iska ta yaye rabin rufin, malamin ajin kuwa, Malam Dikko, ya ce muddin damina ta faɗi ba a gyara ba, zai tattara ya koma birni.

Wata rana Malam ya ce, "A Turanci akwai aikin da dole ya sauka a kan wani abu, kamar kick, wato shuri. Gobe kowa ya zo da misali." Washegari sai ga Sallau ya jawo jakinsa har gaban aji, ya ɗaga ƙafa ya shure shi. Jaki bai bar ta ta kwana ba, ya rama a kan allo, ya raba shi biyu. Sallau ya ce, "Malam, misali biyu ke nan, ɗaya nawa, ɗaya nasa."

Wata rana kuma Malam ya ce, "Akwai aikin da ba ya sauka a kan kowa, kamar sleep, barci. Ku je ku yi ta gwadawa." Ran nan Goggo ta shanya gero, ta ce Sallau ya tsare. Gogan naka ya miƙe a inuwa ya shiga gwaji, awakin maƙwabta suka yi biki. Da ta tashe shi ya ce, "Goggo, ai barci ba ya sauka a kan kowa."

Ta ce, "To ga shi ya sauka a kan tuwonka. Yau ka kwana da Turanci a ciki."

Wata rana, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Malam ya shigo jiki a sanyaye. Ya ce, "The roof will be repaired, za a gyara rufi. Kun ga a irin wannan jimla an ɓoye mai aikin. Ku nemo shi." A cikin jimla yake nufi, amma kafin ya rufe baki Sallau ya kai ƙofar mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, wa zai gyara rufi?"

"Za a gyara, Sallau."

"To shi nake nema."

Ya bi mai unguwa masallaci, ya bi shi kasuwa, tambayar dai ita ce. Da dattijo ya gaji ya ce, "Jatau kafinta." Jatau ya ce sai an kawo kwano. Sallau ya ce wa zai kawo? Jatau ya ce Alhaji Nadabo mai shago. Haka ya yi ta zagaya gari yana kiran sunaye a gaban jama'a, wanda duk ya ji nasa kuwa kunya ba ta barinsa ya zame. Ranar Asabar aka yi gayya aka gyara rufin aji.

Ruwan farko ya same su a ciki, ko ɗigo bai taɓa kowa ba. Malam Dikko ya daɗe yana kallon rufin, farin ciki ya cika shi. Ya ce, "Ba inda za ni. Gobe kowa ya zo da wuri."

Aka tashi, kowa ya kama hanyar gida. Sallau kuwa ya gyara zama a bencinsa, yana jiran gobe.