Murjanin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka haifi 'yata ta fari ba, kuma in gaskiya za a bi, ba haihuwar ce ta fi tsaya mini a rai ba (Allah ya sa uwarta ba za ta karanta wannan ba). Abin da ya tsaya mini shi ne ƙwan fitila guda huɗu da na ɗaura a falon surukina da zuciya ɗaya, waɗanda har yau ake tsokanata da su a Tsibiri, garin surukan nawa.

Sana'ata sayar da kayan wuta ce. Ina da ɗan shago a Sabon Gari, cikin Maraɗi, ina sayar da waya da makunni da ampul (ƙwan fitila ke nan) iri-iri, in an kira ni kuma in je in ɗaura. Ina kuma da wata cuta da ta bi ni daga sana'ar: ba na iya shiga ɗaki ban ɗaga kai na duba fitilarsa ba. Masallaci ne, asibiti ne, gidan ta'aziyya ne, duk ɗaya. Mutane na addu'a, ni ina lissafin cewa wannan ƙwan ya yi wa ɗakin nan kaɗan.

Surukina kuwa (ba zan kama sunansa ba, ka san dalili) ya yi shekara ashirin da wani abu a Kwatano, yana fito wa 'yan kasuwar Maraɗi da kayansu daga tashar jirgin ruwa. Da ya ajiye aiki, abokansa wasu sun dawo da motoci, wasu da ciwon baya, shi sai ya dawo da teku. Wani akwatin gilashi ne mai tsawon gadon mutum ɗaya, cike da ruwan gishiri, da ƙananan kifaye masu launi waɗanda goma ba za su yi miyar mutum ɗaya ba, da wasu abubuwa masu rassa kamar duwatsu da yake kira murjani. Falon da akwatin yake shi kaɗai ke da na'urar sanyi a duk gidan, da batir da faifan hasken rana nasa na kansa, don ko an ɗauke wuta kifi kada ya ji. Shi Alhaji da fanka yake kwana.

Tsakanina da shi kunya ce irin tamu. Shekara biyu da aurena da 'yarsa Zuwaira, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba. In cire takalmi tun daga zaure, in durƙusa ina kallon ƙasa, ya ce lafiya lau, madalla, in tashi in ba shi wuri. Amma an tsegunta mini cewa lokacin da aka je nema mini aure, ya tambaya, "Wanne daga ciki? Mai ampul ɗin nan?" Wannan kalmar ta zauna mini a ƙirji. Ba abin da nake so kamar ranar da zai buɗe baki ya ce ashe mai ampul ɗin nan ya san aikinsa.

Zuwaira ta haihu ran Juma'a a gidansu, tunda haihuwar fari ce. Ran Lahadi na je barka, aka ajiye ni a falo ni kaɗai, kamar yadda ake ajiye suruki, da kofin fura da dogon jira. Nan ne fa na ɗaga kai. Saman akwatin kifin akwai fitilun LED huɗu, irin masu harba haske wuri ɗaya, uku shuɗi ɗaya fari-fari, duk haskensu dishi-dishi. Zuciyata ta yi zafi. Na ce wani marar tsoron Allah ya cuci dattijon nan, ya sayar masa da fitilun da ake kunnawa a wurin rawa. Ina cikin wannan sai ji na yi ƙas, farar ta mutu da kanta. Na leƙa baya na ga wata 'yar na'ura mai agogo a jikin wayar, nan take na yanke mata hukunci cewa ita ce ta lalace.

Mai hankali zai tambaya. To wa zan tambaya? Alhaji ba a yi masa tambaya, Hajiya matarsa in ta hango ni canza hanya take yi, Zuwaira kuma tana can ƙurya gwaggonninta sun kewaye ta da ruwan zafi da kunun kanwa. Ban da haka ma, ni a lokacin ban ga abin tambaya ba. Damar nuna gwanintata na gani.

Ran Litinin Alhaji ya tafi Tawa ɗauko yayansa, wanda zai raɗa wa jaririya suna. Da la'asar na iso da jakata. Na zaɓo ƙwai huɗu mafi ƙarfi a shagona, farare tas, irin waɗanda nake ɗaura wa masu sayar da zinariya. Na kwance shuɗɗan da farar, na ɗaura nawa, na ma ƙara sauko da su kusa da ruwan don kada haske ya yi asara. 'Yar na'urar nan mai agogo na cire ta na haɗa waya kai tsaye, yadda fitila ba za ta ƙara mutuwa ba dare da rana. Da na kunna, falon ya ɗauki haske kamar ɗakin tiyata. Kifayen suka watse suka shige ramuka (na ce a raina baƙunta ce, za su saba). Hajiya, wadda ke zuba musu abinci kafin maigida ya dawo, ta ɗauka shi ne ya sa ni. Har ta aiko a gaya mini Allah ya yi albarka, yanzu tana iya tsince shinkafa a falon ba tabarau.

Tsofaffin ƙwan kuwa na kai wa abokina Lawali mai aski, na ce ya ƙawata shagonsa. Ya yi murna ƙwarai.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma alheri in ba a sani ba, a ganina na wancan lokacin, an yi asararsa. Ni ba zan iya faɗa wa Alhaji da bakina ba, don haka ran suna da sassafe na ja sanƙiran unguwar gefe, mutumin da muryarsa ke kaiwa bakin gulbi, na yi masa ihsani, na ce da zarar ya ga Alhaji ya shiga falo da baƙi, ya sanar da jama'a aikin da angon ƙarni ya yi.

Su Alhaji motarsu ta ba su wahala a hanya, ba su iso ba sai da gari ya waye, suka zarce kan tabarmi a ƙofar gida. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Ni a al'ada ya kamata in ɓace, tunda 'yar fari ce. Sai na ɓace zuwa bayan tagar falo, cikin babbar rigata mai sitaci, ina jiran yabo.

Alhaji ya shigo yana gaba, yayansa da dattawa biyar na biye, yana ce musu su zo su ga ikon Allah. Sai maganar ta tsaya masa a baki. Na leƙa ta labule, a nan ne na fara kallon abin da ke cikin akwatin da kyau, maimakon abin da ke samansa. Gilashin ya yi kore-kore kamar randar da aka manta. Abubuwan nan masu rassa, waɗanda ran Lahadi suke da launin kore da ja suna kaɗawa a hankali, duk sun ƙanƙance sun koɗe. Ɗaya a can sama, daidai ƙarƙashin fitilata mafi ƙarfi, ya yi fari fat kamar ƙashi. Kifi ko ɗaya ba a gani.

Alhaji ya sa hannu ya taɓa ruwan, ya ɗaga kai ya dubi fitilun, ya ce a hankali, "Wa ya taɓa hitilun ga?"

Wallahi na yi niyyar sulalewa. Amma sanƙira mutum ne mai cika alkawari. Daga bakin ƙofa ya cika ƙirjinsa da iska ya saki murya: "Jama'a ku saurara! Angon ƙarni, sarkin haske na Sabon Gari, ya ga surukinai cikin duhu ya hisshe shi! Ampul huɗu, ba a roƙe shi ba, ba a aike shi ba! Ga shi can bayan taga, kunya ta hana shi shigowa!"

Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Dattawa bakwai suka juyo gaba ɗaya suka dube ni ta taga. Ban taɓa sanin mutum zai iya yin gumi har cikin kunnensa ba sai ranar.

Na shigo na durƙusa. Alhaji bai dube ni ba, don ko a cikin wannan hali bai yar da al'ada ba. Ya juya wajen yayansa ya ce, "Yaya, tambayar mini yaron ga, ina ya kai na da?" Tsohon ya juyo ya maimaita mini, kamar ba a ɗaki ɗaya muke ba. Na gaya wa tsohon, ina kallon tabarma, cewa suna shagon aski a Sabon Gari. Wani dattijo ya yi tari, irin tarin da ake rufe dariya da shi.

Ban san yadda na hau babur ba. Na dai san na bar Tsibiri babbar riga na tashi a bayana, mutane na yi mini barka a hanya ina ɗaga musu hannu kamar mai gudun bashi alhali ba a bina ko sisi. Na tarar da Lawali ya ɗaura fitilun a saman madubi, yana yi wa wani bawan Allah aski cikin shuɗin haske. Ban yi dogon bayani ba, na taka kujera na kwance su, mutumin na zaune da rabin kai. 'Yar na'urar mai agogo kuwa a kwandon shara na shagona na tono ta.

Da na dawo, Alhaji ya riga ya kashe fitiluna, ya naɗe hannun riga yana ɗibar ruwa da roba. Na hau kujera a gaban dattawa na mayar da komai yadda na same shi. Da na sauko, sai na ji an ce, "Zo nan." Na waiga ina neman wanda ake kira. Ni ne. In ban da gaisuwa, karo na farko ke nan da surukina ya yi mini magana ba ta bakin kowa ba.

Ya nuna mini murjanin ya ce, "Wanga da kake gani ba dutse ba ne, rai gare shi kamar ni da kai. Can ƙarƙashin teku hasken da ke isa wurinai shuɗi ne, da shi yake samun abinci, kuma yana son dare ya huta. Kai kuwa ka ɗauko mishi ranar Maraɗi ta tsakiyar bazara ka aza mishi bisa kai, kwana huɗu ba hutu." Sai ya nuna farin nan na sama, ya ce shekara tara yana renonsa, tun bai kai ɗan yatsa ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Na ce a yi haƙuri, ban sani ba. Ya ce ya san ban sani ba, abin da ya ba shi mamaki shi ne ban tambaya ba. Na ce kunya ce. Ya ce to kunyar nan ta kusa cinye mishi teku, daga yau a rage ta. Yayansa ya fashe da dariya, sauran suka bi, har shi Alhajin ya murmusa. Kafin a gama rabon naman suna labari ya gama gidan, gwaggonnin Zuwaira suna aiko yara su tambayi sarkin haske ko zai duba musu fitilar madafa.

Hukuncin da ya yanke mini shi ne in riƙa zuwa duk Juma'a bayan masallaci har teku ta warke. Na ɗauki jarkoki, na goge gilashi, na koyi auna gishiri. Muka shimfiɗa gidan sauro ninki biyu tsakanin fitilun da ruwan don a rage wa marasa lafiya haske, duk mako muna janye kaɗan. Ya koya mini cewa shuɗi ke fara kamawa da safe, fari ya biyo baya na 'yan sa'o'i, shuɗi ya rufe. Sannu a hankali launi ya fara dawowa, kifaye suka yafe mini suka fito. Muna aiki muna hira, ya ba ni labarin Kwatano da jiragen ruwa, har ta kai in na makara sai ya sa a kira ni a waya.

Bayan wata uku, da izininsa wannan karon (na tambaya har sau biyu), na haɗa masa wata na'ura mai sa hasken ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan kamar fitowar rana, maimakon ya faɗo wa kifi lokaci ɗaya. Wata Juma'a wani baƙo daga Jiratawa ya tsaya yana kallon yadda fitilun ke lumshewa da kansu, ya tambayi wanda ya yi aikin. Alhaji ya ce, "Surukina ne. Mai ampul ne, ya san aikinai." Na sunkuyar da kai ina goge gilashin da na riga na goge, daɗi kamar ya kashe ni.

Duk sun warke ban da farin nan. Ranar da Zuwaira ta gama wanka za ta dawo ɗakinta, cikin kayan da aka haɗo ta da su na ga wani ƙulli a cikin sabon hankici. Ta ce Baba ya ce a ba ni, wai tukwicin fitilu ne, tun ran suna bai samu ya ba ni ba. Na kwance, sai ga murjanin da na kashe, fari tas, an wanke shi an busar.

Yana nan kan teburin shagona har yau. 'Yar tawa, wadda kakanta ya laƙaba wa Murja, ta kai shekara huɗu yanzu, kuma duk wanda ya shigo sayen ƙwai ya tambayi mene ne wannan, ba ta bari in amsa. Sai ta ce, "Na Kaka ne, Baba ya kashe shi da fitila."

Cutar ɗaga kai ba ta bar ni ba, har yanzu ba na shiga ɗaki ban duba fitilarsa ba. Sai dai yanzu hannuwana na cikin aljihu nake dubawa, kuma in na ga wadda ba ta yi mini ba, kafin in taɓa jakar aiki sai na tambayi mai ɗakin ko akwai mai rai a ƙarƙashinta.